Sakata a Cikin Sito

Sati uku ke nan, amma har yanzu in na ji ƙarar leda sai in waiga da sauri. Jiya a kasuwa mai tumatir ya girgiza leda zai zuba mini, na zabura har na taka wata mata. Ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ina zan fara yi mata bayani a tsakiyar kasuwa? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko zuciyata ta sauka.

A Shango muke zaune, nan Minna, a gidan gwaggon maigidana. Ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, da ya yi aure kuma ta ba mu ɗaki biyu a gefen tsakar gida. Shekarata uku da rabi a gidan, har da 'ya, amma har gobe "amarya" take kirana. Shi maigidan a Paiko yake koyarwa, bas ɗin safe yake bi, sai bayan la'asar muke ganinsa. Saboda haka yinin gidan namu ne mu uku: ni, da Gwaggo, da 'yata mai shekara biyu da wata huɗu.

Gwaggo ba ta yar da komai. Ban ce ba ta cika yarwa ba, cewa na yi ba ta yarwa. Guntun sabulu in ya zama kamar farce, akwai tsohuwar safa da take tara su a ciki, ta ɗaure bakin, a ci gaba da wanke-wanke da ita. Gwangwanin madara in ya ƙare ya koma gidan gishiri, ko na kanwa, ko na maɓalli. Zane in ya tsufa ya zama na goyo, daga nan ya zama tsumman goge ƙasa, daga nan kuma ban san inda yake zuwa ba, amma ba bola ba. Ƙusa in ta lanƙwashe, Gwaggo za ta zauna ta miƙar da ita da dutse tana yi mata faɗa. Leda kuwa, ita ce 'yar gaban goshi. Duk ledar da ta shigo gidan sai an wanke ta, an shanya ta a igiya da maƙali kamar kayan jariri, an ninke ta, an jefa a wani babban buhu. Ranar da na fara zuwa na yar da ledar nama, Gwaggo ta je har bola ta ɗauko ta, ta riƙe ta a gabana ta ce, "Amarya, wannan me ta yi miki?"

'Yata kuma duk abin da hannunta ya kai, bakinta zai kai. Ta ci alli, ta ci gawayi, ta taɓa lasar takalmin babanta ta ce da daɗi. Maganarta ba ta da yawa, amma akwai biyu da ta riƙe gam: "a'a" da "nawa ne". Sai kuma aikin da Gwaggo ta koya mata. Kajin gidan suna shiga ɗakuna su yi kashi, sai Gwaggo ta koya mata rufe ƙofa. Da an ce, "Kaji! Rufe!" sai ta ruga ta tura ƙofa, mu kuma mu tafa mata. Ta ɗauki abin sana'a. Ko kana tsakiyar fita za ta rufe ka, ta juyo tana jiran tafi.

Muna da guruf a waya, mu matan da muka gama sakandare tare. Wata daga cikinmu ta yi karatun kiwon lafiya, takan turo mana saƙon murya. Wata ranar Talata ta turo wani mai tsawo a kan hatsarin da yara ke gamuwa da shi a gida. Ta ce kananzir, da maganin ɓera, da fiya-fiya, da reza, da magunguna, duk a haɗa su wuri guda inda yaro ba zai kai ba. Ina jin haka na kashe, ban ƙarasa ba. Saƙon ya kai minti tara, ni kuma ina da girki a wuta. Ban da haka, ni ce ta ɗaya a darasin kula da gida a ajinmu, ban ga abin da za ta faɗa mini a sauran mintunan ba.

Ranar Laraba na yi aiki kamar an biya ni. Na bi gidan lungu-lungu. Galan ɗin kananzir, kwalbar fiya-fiya, ƙullin maganin ɓera, wuƙaƙe huɗu, adda, almakashi, rezar maigida, ashana, dutsen guga, garin sabulu, ruwan wanke banɗaki, har da kwandon magungunan Gwaggo wanda wasu daga cikinsu sun girme ni. Duk na kwashe na kai sito, na jera su a ƙasa, a jikin bango, manya a baya ƙanana a gaba. Na tsaya na kalle su, na ji daɗi. Har hoto na ɗauka na tura guruf.

Dole in yi bayanin ƙofar siton nan. Mahaifin Gwaggo ma'aikacin reluwe ne, kuma da ya bar gidan ma'aikata ya taho da ƙofar banɗakinsa. Katako ne baƙi, mai kauri kamar bango. Da aka zo gina sito, sai aka ga gara ta ɗan taɓa ƙasanta, sai kafinta ya juya ta, sama ta koma ƙasa. Da yake ƙofar banɗaki ce, sakatarta ta ciki take. Da yake kuma an juya ta, sakatar da ya kamata ta kasance daidai kafaɗar babba sai ta dawo daidai gwiwa. Shekara uku da rabi ina shiga siton nan ɗebo doya, ban taɓa kallon sakatar nan sau biyu ba.

Ta waje babu kwaɗo. Na ce zan aika a sayo a bakin titi. Gwaggo ta ce, "A Minna? Kwaɗon Minna ai sai masu kuɗi. Bari mijinki ya sayo a Paiko ranar kasuwa." Kafin nan sai na ɗaure ƙofar da tsohon ɗankwali, ƙulli uku.

Ranar Alhamis da hantsi ina wanki a bakin rijiya. An yi ruwa da asuba, ina sauri in samu rana. Gwaggo ta kwance ɗankwalin ta shiga sito ɗauko leda ɗaya za ta ƙulla daddawa, ta fito tana duba ledar a rana ko tana da huji. Kaza ta nufi siton. Gwaggo, ba tare da ta waiga ba, ta ce, "Kaji! Rufe!"

Na ji ƙofa ta ce gam. Sai na ji wata 'yar ƙara, ƙaras.

Na ɗago. Babu yarinya a tsakar gida. Daga cikin sito na ji ana tafi, tafin hannu biyu ƙanana. Tun da ba mu tafa mata ba, ta tafa wa kanta.

Ban san lokacin da na isa ƙofar ba, kumfa har gwiwar hannu. Na tura, ko motsi. Na ce, "Mamana, buɗe." Haka nake kiranta, don sunan mahaifiyata aka sa mata. Ta ce, "A'a."

"Buɗe wa Umma, 'yar albarka."

"Nawa ne."

Gwaggo ta iso tana cewa, "Me ya faru? Me ya faru?" Na ce, "Gwaggo, ta sa sakata! Kuma komai yana ciki! Komai!" Gwaggo ta ce, "Wane komai?" Na fara lissafo mata, kananzir, maganin ɓera, adda. Ina kaiwa fiya-fiya ta dafe kai ta ce, "Innalillahi! Amarya, duk abin da ke kashe mutum a gidan nan kin tara mata a ɗaki ɗaya? Da ma tabarma kika shimfiɗa mata, ta zauna ta zaɓa!"

Akwai rata a ƙasan ƙofar, kamar faɗin yatsu uku. Na kwanta a cikin taɓo na sa ido. Ba na ganin komai sai ƙafafunta, ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ina kallo ƙafafun suka juya suka nufi bangon da na yi jeri. Na kurma ihu, "A'a! Kar ki taɓa!" Ƙafafun suka tsaya. Suka yi tunani. Suka ci gaba.

Ihun nan ne ya shigo da maƙwabciyarmu. Banufiya ce 'yar Bida, ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa, kowa a layin Nna yake kiranta, wato uwa a harshensu. Ta shigo da faranti a hannu, mai na ɗiga, tana cewa, "Wa ya mutu? Yarinya ya shiga ina?" Da ta ji labari ta ce, "Kai, ku ba ku san yaro ba. Yaro ba a yi masa ihu. Matsa." Ta durƙusa, ta karya ƙuli-ƙuli, ta tura ta ƙarƙashin ƙofa. "Ɗiyata, zo ka ci. In ka buɗe, zan ba ka da yawa."

Ƙafafun suka dawo da gudu. Wani ɗan hannu ya ɗauke ƙuli-ƙulin. Muka ji ƙurus-ƙurus. Can sai hannun ya leƙo ta ƙasan ƙofa, tafin a buɗe. Nna ta ƙara. Ya sake leƙowa. Ta ƙara.

Gwaggo ta ce, "To madalla. Kin buɗe mata kanti. Wa zai fito daga ɗakin da ƙuli-ƙuli yake shigowa da kansa?"

Nna ta ce, "Hajiya, ƙuli-ƙuli ko maganin ɓera, wanne ka zaɓa masa?"

Gwaggo ta kalli farantin. Daga baya ta ce, "Karya shi ƙanana, ya daɗe."

Na kira maigida. Yana cikin aji, na ji yara suna ta maimaita karatu a bayansa. Na yi masa bayani cikin kuka, bai fahimci komai ba sai "sito" da "fiya-fiya". Ya ce, "Ba ta wayar. Ni tana jin maganata." Na ce, "Ta ina zan ba ta?" Ya ce, "Ba ki ce akwai rata ba?" Wallahi a lokacin abin ya yi mini kama da hankali. Na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na tura ta ta ƙasan ƙofa. Muka ji shi yana cewa, "Mamana, Abba ne. Ja wannan ƙarfen. Ja shi gefe." Muka ji ta ce, "Abba!" cike da murna. Sai ta kashe kiran.

Yanzu tana da ƙuli-ƙuli, tana da waya. Mu kuma ba mu da ko ɗaya, don farantin Nna ya ƙare.

Gwaggo ta leƙa waje ta ce wa mai shagon ƙofar gida ya kira mata Baba kafinta. Kafin ya zo, dole a riƙe yarinyar a bakin ƙofa. Abu ɗaya muka sani tana so bayan ci, shi ne rawa. Nna ta kifa farantin ta fara kiɗa da cokali. Gwaggo ta fara tafi. Ni ina kwance a taɓo ina ba da rahoto: "Ta zo! Tana taka ƙafa! Ku ci gaba!" Da kiɗan ya ɗan lafa sai in ga ƙafafun sun juya, in ce, "Ta tafi! Ku ƙara!" Gwaggo, mai ciwon gwiwa, wadda sai an kama ta take tashi daga tabarma, ta ɗaure gyale a ƙugu tana juyi a gaban rufaffiyar ƙofa. Na ce mata, "Gwaggo, ai ba ta ganinki." Ta ce, "Rufe mini baki, tana jin ƙasa na motsi."

A haka Baba kafinta ya same mu. Tsoho ne, kakansa da jirgin ƙasa ya zo garin nan, kuma shi ne ya kafa ƙofar da hannunsa. Ya yi sallama sau biyu ba a amsa ba, ya tsaya da jakar kayan aikinsa ya ce, "Hajiya, biki ake ba a gaya mana ba?"

Da aka yi masa bayani, sai ya je ya shafa ƙofar kamar ya ga tsohon aboki. Ya ƙwanƙwasa ta. Ya ce, "Kun ji? Irin wannan katakon ya ƙare a duniya. Ko mota ta daki wannan, motar ce za ta ji jiki." Na ce, "Baba, don Allah, 'yata!" Ya ce, "Ina zuwa, 'yar nan. Maƙalan ƙofar ta ciki suke, ba dama a kwance su. Ba a fasa ta. Sai dai a hau sama a ɗaga kwano ɗaya a shiga."

Gwaggo ta ce, "Kwano? Da damina? In ka ɗaga shi ya lanƙwashe, doyata ta jiƙe."

"To Hajiya, a bar yarinyar a ciki ta girma, in ta yi wayo ta buɗe."

"Ban ce kar ka ɗaga ba. Cewa na yi ka cire ƙusoshin a hankali, ina son abina."

Ya tafi ɗauko tsani yana gunaguni. Duk wannan musu da aka yi, ba a kiɗa. Na mayar da idona ƙasan ƙofa, babu ƙafafu. Na matsa dama, na matsa hagu. Can na hango su a lungu na ƙarshe, ba wajen jerin da na yi ba, wajen buhun Gwaggo. Sai na ji ƙarar leda. Ƙwaras-ƙwaras. Na ji ta yi wata magana, muryar ta fito a dushe, kamar daga cikin tulu.

Daga nan shiru.

A nan wasa ya ƙare mini. Na kira ta, ba amsa. Ko "a'a" ɗin nan da ta ishe ni da ita, na roƙi Allah in ji ta, ban ji ba. Leda ba ta cikin abin da na lissafa. Ban taɓa tunanin leda ba. Ina ganin ƙafafun nan biyu, ɗaya da takalmi ɗaya babu, a miƙe, ba sa motsi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tashi, na ja da baya har bakin rijiya, na rugo na daki ƙofar reluwe da kafaɗa, ni da ko buhun masara rabi ba na iya ɗagawa.

Ƙofar ta buɗe kamar labule. Na wuce da gudun da na zo da shi, na faɗa kan tarin doya.

Tana zaune a gindin buhu, baƙar leda a kanta har kafaɗa. Na rarrafa na fizge ta. Kafin in fizge, na ga abin da har yau yake dawo mini: gindin ledar a yage yake, hancinta da ido ɗaya suna leƙowa ta hujin. Kumatunta cike da ƙuli-ƙulin da ta ɓoye a hannu, shi ya hana ta amsawa. Ta kalle ni, ta kalli ledar da na yaga, ta taɓe baki ta ce, "Hijabi na!" Ta fashe da kuka, wai na ɓata mata ado.

Na shinshina bakinta, na shinshina hannuwanta, na duba kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan a jere, manya a baya ƙanana a gaba, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Wayata kawai na samu a cikin kwanon manja. Na rungume ta na yi ta kuka, har Nna ta ɓamɓare ta daga hannuna ta ce zan ƙarasa abin da leda ba ta yi ba.

Baba kafinta ya shigo da tsani a kafaɗa ya tarar da ƙofa a buɗe. Ya ajiye tsanin, ya duba. Ƙofar ko ƙwarzane babu. Abin da ya fita shi ne ɗan ƙarfen da sakatar ke shiga a jikin bango. Ƙusa biyu ne suke riƙe da shi, tsofaffi, masu tsatsa. Ya ɗaga su ya ce, "Hajiya, waɗannan ai naki ne. Na ce miki a sayo sababbi, kika ce kina da su a gwangwani."

Gwaggo ta ce, "To da sababbi aka sa, da yanzu kafaɗar amarya tana ina? Kuma ledar nan, da sabuwa ce, da huji a jikinta? Sau shida na wanke ta. Ku ci gaba da yi mini dariya."

Muka yi dariyar kuwa, har da ni, da majina da hawaye. Amma da kowa ya watse, na fito ɗebo ruwa na ga Gwaggo zaune a kan turmi, ta jawo buhun ledar gabanta. Tana ɗauko su ɗaya-ɗaya tana ƙulle kowace a tsakiya, ƙulli biyu. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ni na ce ta rufe." Na ce, "Gwaggo, ni na tara kayan." Ta ce, "To zauna ki taya ni." Muka ƙulle buhu guda, ba mu gama ba sai azahar.

Maigida ya iso kafin lokacinsa, a kan babur tun daga Paiko, da kwaɗo biyu a aljihu, ba ranar kasuwa ba. Gwaggo ba ta tambayi kuɗinsu ba. A ranar Baba kafinta ya cire sakatar ciki, ya kafa katako can sama kusa da rufi, inda ni ma sai na taka kujera nake kaiwa, aka mayar da kayan can. Da ƙusa sababbi. Buhun leda yana rataye a saman su. Da yamma na goge manjan wayata na saurari ragowar saƙon nan har ƙarshe. A minti na biyar ta ce a ɗora kayan a sama, a kulle da kwaɗo. A minti na bakwai ta yi maganar leda.

Sakatar da ƙusoshin biyu suna cikin gwangwanin Gwaggo. Ta miƙar da su da dutse, ta ce wata rana za su yi amfani.

Kafaɗata ta yi sati tana ciwo, yanzu ta warke. Makullin sito yana wuyana a zare, ina taɓa shi sau da yawa a yini ba tare da na sani ba. 'Yata kuwa ba ta bar sana'arta ba. Da ta ga ƙofa a buɗe sai ta ruga ta rufe, ta juyo tana jiran tafi. Ba mai tafawa. Gwaggo ta daina cewa "Rufe". Kaji suna shiga ɗakinta yadda suka ga dama, ita kuma ta bi su da tsintsiya da gwiwarta mai ciwo.